A Bar Mana Fangalinmu: Darasi Daga Furen Yini Ɗaya

  

Duk mai bi ta gaban azuzuwan ƙaramar sakandare ya san dogon fangalin nan da aka kewaye da bulo, tsakanin ajinmu da famfo. A da akwai fulawoyi a cikinsa. Yanzu ba abin da ya rage sai kututture uku da ledojin ruwa da sawun awaki. Mun ji ana shawarar cewa bayan dogon hutu za a cike shi da ƙasa a daɓe da siminti, ya zama wurin ajiye kekuna. Da muka tayar da maganar a taron ƙungiyarmu na ranar Laraba, sai wani yayanmu ya miƙe ya ce: "Me za a yi da fure? Abin da zai buɗe da safe, kafin la'asar ya yanƙwane? Asarar ruwa ce kawai." Aka yi dariya, wasu har suka tafa masa.

Ba mu yarda da shi ba, amma a ranar ba mu da amsa. Bayan an tashi, malamin aikin gona ya kira mu ya nuna mana hotunan wani fure a wayarsa, ya ce mu je mu bincika labarinsa. Mun yi mako biyu muna bincike a lokacin tara da bayan tashi. Ga abin da muka samo, kuma ga ra'ayinmu: gajartar ran fure ba hujja ba ce ta kashe lambu. Akwai mutanen da ke cika gidajensu da furanni wata uku cur, alhali kowane fure a cikinsu yini ɗaya yake yi. Da tsari suke yin haka, kuma tsarin nan mu ma za mu iya.

Wane fure ne wannan?

Masu jin Ingilishi suna kiransa daylily. A bakinmu sunan yana fita kamar "dalili", abin da ya sa muka yi ta tsokanar juna da shi. Sunansa na kimiyya Hemerocallis, daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya tana nufin yini, ɗaya tana nufin kyau. Wato kyau na yini ɗaya. Masanin tsirran nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya tabbatar masa da sunan a shekarar 1753. Mu a wannan rubutu za mu kira shi furen yini ɗaya.

Asalinsa gabashin Asiya ne: ƙasar Sin da Koriya da Japan. Ya isa Turai tun ƙarni na 16, daga nan Turawa masu ƙaura suka tsallaka teku da shi zuwa Amurka. Ganyensa dogo ne siriri, yana fitowa daga gindi ya baje hagu da dama, kamar ganyen dawa tana ƙarama. Saiwoyinsa masu kauri ne, suna ajiye ruwa da abinci, shi ya sa yake jure 'yar ƙishirwa. Daga tsakiyar ganyen sai wani dogon kara marar ganye ya miƙe sama. A kan karan ne furannin suke, kowanne da fiffike shida, siffarsa kamar bakin kakaki.

Gaskiya ne abin da yayanmu ya faɗa. Furen yana buɗewa da safe, kafin gari ya sake wayewa ya laƙwashe ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Abin da bai lura da shi ba shi ne, kara ɗaya yana ɗauke da furanni da yawa waɗanda ba su buɗe ba tukuna. Bari mu kira su ƙulli. Kara ɗaya yakan ɗauki ƙulli goma, wani har fiye da ashirin, kuma ba tare suke buɗewa ba. Yau ɗaya ko biyu, gobe wasu. Mu yi lissafi kamar a ajin lissafi: idan gindi ɗaya yana da kara goma, kowane kara da ƙulli goma sha biyar, an samu fure 150 ke nan. Saboda haka gindi ɗaya yakan yi kusan wata guda yana fure, duk da cewa babu furen da ya kwana biyu a kansa.

Yadda suke cika bazara da fure

A Amurka da Turai, lokacin ɗumi da gidajen rediyo ke kira bazara yana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, wato daidai da daminarmu. A yawancin wuraren nan hunturu yana da tsanani, ƙasa tana daskarewa, lambu ya zama fayau. Don haka mai lambu a can yana son ya ci moriyar kowane mako na ɗumi. To, idan gindi ɗaya wata guda yake yi, yaya ake cika wata uku?

Amsar ita ce iri-iri. Masu sayar da furen suna rubuta wa kowane iri lokacinsa: mai saurin fure, na tsakiya, da mai jinkiri. Mai lambu sai ya haɗa su a fangali ɗaya. Akwai wani tsohon iri mai ruwan ɗorawa da ƙamshi, da ake wa laƙabi da furen lemun tsami, wanda ke fara buɗewa tun ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Kafin ya gama, wani gajere mai suna Stella de Oro ya karɓa. Shi wannan tsayinsa kusan santimita 30 ne, launinsa kamar zinariya, kuma yana da wata baiwa: idan ya huta kaɗan sai ya sake fito da sababbin karare. Wani mutum mai suna Walter Jablonski ne ya samar da shi a 1975, kuma yau yana cikin furannin da aka fi shukawa a Amurka, har a bakin titi da gaban kantuna. A watan Yuli na tsakiya suke cika ido, kamar Hyperion, dogo mai ƙamshi wanda ake shukawa tun shekarun 1920. Can cikin Agusta, lokacin da sauran suka gaji, sai mai jinkiri irin su Autumn Minaret ya miƙe, karansa ya fi yawancinmu tsayi.

Kun ga ke nan babu wani iri guda da ya iya aikin shi kaɗai. Mai lambun ne ya zauna tun cikin sanyi da takarda da biro ya tsara wa zai fara, wa zai biyo baya, wa zai rufe. Yakan sa gajeru a gaba, dogaye a baya. Masu launi mai duhu, irin ja da shunayya, yakan kai su inda inuwa ke sauka da yamma, domin zafin rana yana kashe musu launi.

Da muka kai nan a binciken sai ɗaya daga cikinmu ta ce, ai wannan dabarar kakanta ce. Manomanmu suna shuka gero wanda ke nuna da wuri, a samu tumu a kashe yunwar tsakiyar damina. Suna kuma shuka maiwa da dawa waɗanda ke jinkiri har kaka. Ba a zuba dukan fata a kan iri ɗaya. Abin da manomi ke yi don rumbu, shi mai furen nan yake yi don ido.

Aikin da ke bayan kyan

Kada wani ya ɗauka abin yana zuwa a banza. Furen yana son rana ta aƙalla awa shida a yini. Ana haƙa rami a gauraya ƙasar da takin gargajiya. Wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, ba a binne shi fiye da santimita biyu zuwa uku, in ya yi zurfi sai ya ƙi fure ko ya ruɓe. Ana barin tazarar kusan rabin mita tsakanin gindi da gindi. Ana ba shi ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako, har ya ratsa ƙasa, maimakon yayyafi kullum. Ana rufe gindin da busasshen ganye don danshi ya daɗe.

Sai aikin da ya fi burge mu. Kowace safiya masu lambun suna zagayawa su tsinke furannin jiya da suka mutu, don wurin ya yi tsabta kuma shukar kada ta ɓata ƙarfinta wajen yin 'ya'ya. A wannan zagaye ne suke ganin wanda ya buɗe yau. Wanda ya makara ko ya yi tafiya, furen ranar ya wuce shi har abada. Muna ganin a nan daɗin yake. Fulawar roba da ke kan teburin falo tana nan shekara da shekaru, amma wa yake tashi da safe don ya je ya dube ta? Ƙura ce kawai take tarawa.

Bayan shekara uku zuwa biyar gindin yakan cunkushe, furen ya ragu. Sai a tono shi duka a raba shi gida uku ko huɗu, a sake dasa ɗaya, a ba maƙwabta sauran. Kowane yanki zai fito da fure iri ɗaya sak da na uwarsa. Ta haka iri ɗaya yake yawo daga gida zuwa gida ba tare da an kashe kuɗi ba, kamar yadda iyayenmu mata ke ba juna reshen zogale ko irin lalle.

Malamin makaranta ne ya fara

A daji, ire-iren wannan fure ba su kai talatin ba, kuma launinsu bai wuce ruwan ɗorawa da ruwan lemo da ja-ja ba. Yau an yi rajistar iri sama da 80,000. Akwai ruwan hoda, akwai shunayya, akwai ja mai duhu kamar baƙi, akwai mai zobe a tsakiya, akwai mai baki tattare kamar bakin leshi, akwai mai siraran fiffike kamar ƙafafun gizo-gizo. Shuɗi na gaskiya ne har yanzu ya gagara.

Yaya aka yi haka? Ana ɗebo garin da ke cikin furen wani iri a shafa a kan tsinken tsakiyar furen wani irin. Idan ya kama sai a samu 'ya'ya. A shuka su, a jira shekara biyu ko uku kafin a ga launin da za su fitar. Yawancinsu ba sa fin iyayensu kyau, sai a zubar. Ɗaya a cikin masu yawa ake zaɓa a raɗa masa suna.

Ga abin da muke so malamanmu su ji. Mutumin da aka sani da fara wannan aiki, George Yeld, malamin makaranta ne a garin York na Ingila. Irin da ya samar, mai suna Apricot, ya samu yabo a 1893. Bayansa sai Arlow Stout, masanin tsirrai a babban lambun binciken tsirrai na birnin New York, wanda ya yi shekaru da dama yana aurar da iri da iri, ya kuma wallafa littafi a kan furen a 1934. A 1946 masu son furen suka kafa ƙungiya a Amurka, ita ce ke riƙe da rajistar sunayen. Babbar lambar yabon da take bayarwa tana ɗauke da sunan Stout, kuma Stella de Oro ya ci ta a 1985. Da yawa daga cikin masu samar da sababbin iri talakawa ne da ke aiki a bayan gidajensu.

Wannan shi ne darasin barbarar fure da muke haddacewa don jarrabawa. Muna zana fure a littafi, mu ja layi mu rubuta sunan kowane sashe, amma yawancinmu ba mu taɓa buɗe fure na gaske mun ƙirga abin da ke cikinsa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Fangalin da ake son daɓewa shi ne ɗakin gwajin da ya fi kowanne arha a makarantar nan.

"Ai fure ba ya cika ciki"

Wannan ita ce magana ta biyu da aka jefe mu da ita. To, a ƙasar Sin ana cin wannan fure. Akwai irin da ke buɗewa da yamma, wanda ake nomawa gona-gona a wurare kamar Datong da ke lardin Shanxi. Manoma suna tsinke ƙullin kafin ya buɗe, su turara shi, su shanya a rana. Idan ya bushe ana kiransa allurar zinariya, ana sa shi a miya da sauran girki. Sana'a ce da iyalai da yawa ke ci da ita. Sinawa kuma sun daɗe suna yi wa shukar laƙabi da ciyawar manta damuwa. A al'adarsu ta dā alama ce ta uwa, ana shuka ta kusa da ɗakin mahaifiya don ta riƙa kallo hankalinta ya kwanta idan ɗanta ya yi tafiya.

Amma ba sai mun je Sin ba. Mu leƙa bayan gidajenmu. Furen kuɓewa, mai ruwan ɗorawa da jan ciki, da safe yake buɗewa, kafin yamma ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Bayan kwana huɗu zuwa shida sai ga ɗanyar kuɓewa ta isa tsinka. Furen kabewa tun da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya kwanta, in ƙudan zuma ba su ziyarce shi a 'yan awoyin nan ba, babu kabewa. Furen yakuwa ma yini ɗaya yake yi, abin da ya bari a baya shi ne zoɓorodon da muke saye a bakin ƙofar makaranta. Furen auduga yana fitowa fari, washegari ya koma ja-ja, sannan ya faɗi. Ashe miyarmu da abin shanmu da rigarmu duk sun bi ta hannun furannin da ba su daɗewa. Yayanmu da ya ce asarar ruwa ce, muna tambayarsa cikin ladabi: da wace miya ya ci tuwo jiya?

Kuma ko da fure bai ba da abinci ba, ba duk abin amfani ne ke shiga ciki ba. Muna yin lalle, muna ɗinka kaya masu aiki a wuya, muna shafa wa ɗaki fenti. Babu wanda ya ce waɗannan asara ne. Muna yini a makarantar nan daga safe har azahar, kwana biyar a mako. Abin da idonmu ke gani ta taga yana shafar yadda muke ji game da wurin. Yaro ba ya jefa leda a inda ya ga ana kula da shi kamar yadda yake jefawa a juji.

Inda masu adawa suke da gaskiya

Ba za mu ɓoye ba, akwai inda suka fi mu hujja. Na farko, ruwa. Daga Maris zuwa Mayu famfonmu yakan yi kwanaki bai kawo ba, kuma ba daidai ba ne a ba fure ruwa ɗalibi yana jin ƙishirwa. Na biyu, kekuna suna buƙatar wuri, yanzu a zube suke a rana ana tuntuɓe da su. Na uku, an taɓa shuka fulawoyi a fangalin nan suka mutu, me zai hana a maimaita?

Kuma kada a fahimce mu a karkace. Ba muna cewa a sayo furen yini ɗaya daga Amurka a kawo mana ba. Da yawa daga ire-irensa sun saba da sanyi, suna zubar da ganye su yi barci a hunturu kafin su sake tohowa. Yana kuma da nasa illolin. Idan kyanwa ta ci kowane sashe nasa, ƙodarta tana iya lalacewa har ta mutu. Ɗanyen ƙullinsa yana ɓata wa wasu mutane ciki, shi ya sa ake dafa shi. Tsohon irinsa mai ruwan lemo ya tsere daga lambuna a Amurka, ya bazu a bakin hanyoyi da kwatoci, yana danne tsirran asali na wurin. A shekarar 2000 kuma aka fara ganin wata cuta mai kama da tsatsa a ganyensa a Amurka, wadda har yau take damun masu lambu. Su ma suna da nasu awakin: barewar daji tana shiga gida da dare ta cinye ƙullin kaf.

A nan muna jan kunnen ƙannenmu 'yan aji ɗaya. Don mun ce Sinawa suna cin wani fure, kada wani ya je ya tsinki furen da bai sani ba ya kai baki. Zaƙami ma fure gare shi, fari mai kyau kamar kakaki, kuma guba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da muke so mu ɗauko daga masu furen yini ɗaya shi ne hanyar aikinsu. Fulawoyin da suka mutu a fangalinmu duk iri ɗaya ne, an dasa su rana ɗaya don zuwan baƙi, ba a ba kowa alhakin kula da su ba, ba a yi shinge ba. Baƙi suka tafi, awaki suka shigo.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu shekara ɗaya ta karatu, zango uku, kafin a kawo siminti. Ga abin da muka yi alkawarin yi.

Za mu raba fangalin gida shida, kowane aji daga cikin azuzuwan da ke fuskantarsa ya ɗauki yanki, a rubuta sunan ajin a allo. Monita zai riƙe jadawalin masu ba da ruwa kamar yadda yake riƙe na shara.

Za mu tsara shuka yadda fure ba zai yanke ba. Da damina, kuɓewa da kabewa, kuma ba za mu shuka kuɓewar rana ɗaya ba, za mu bar tazarar mako biyu tsakanin layi da layi don su riƙa karɓar juna. Yakuwa za ta karɓa da kaka, lokacin da muka dawo daga dogon hutu. Don rani za mu sa masu jure ƙishi: lalle, da zogale a gefe, da fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga mai fure kamar takarda, wadda ta fi yin kyau idan ruwa ya ɗauke. A bakin bulo kuma za mu jera ƙaramar fulawar nan mai yaɗo da ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, wadda ko reshenta ka karya ka soka a ƙasa sai ta kama.

Ba ma neman ko sisi. Iri da reshe daga gidajenmu za mu kawo, kowa ya roƙi mahaifiyarsa ko maƙwabciya. Taki akwai shi a turken awakin kowane gida, kuma lokaci ya yi da awaki za su biya bashin ɓarnar da suka yi. Shinge za mu yi da kara da ƙaya. Ruwa kuwa, wanda ke malala daga wurin wanke hannu da alwala yana kwanciya ne yana tara sauro. Ɗan ƙaramin lambatu zai kai shi fangali. Idan famfo ya ɗauke a bazara, mun yarda a bar masu rauni su bushe, a tsira da masu juriya.

Dogon hutu shi ne babban haɗari, domin ciyawa tana rufe komai cikin mako uku. Mu da gidajenmu ke kusa da makaranta mun yarda mu riƙa zuwa ranar Asabar da safe bi da bi, idan iyayenmu da mai gadi sun amince.

Za mu ajiye littafi guda, kamar yadda masu furen yini ɗaya ke yi. Kowace safiya wanda ke kan aiki zai rubuta kwanan wata, da abin da ya buɗe, da adadinsa. Ƙarshen kowane wata za mu liƙa sakamakon a wannan allo kowa ya gani. Malamin kimiyya zai samu furen da zai yanka a aji, malamin lissafi zai samu alƙaluman da za mu zana jadawali da su.

Kekuna kuma, akwai fili a ƙarƙashin bishiyoyin dalbejiya da ke bayan ofishin malamai. Akwai inuwa, kuma ana hango wurin ta taga, abin da zai rage satar bawul da sirdi. Mun auna shi da taku, ya fi fangalin faɗi.

Idan shekara ta zagayo littafinmu ya nuna mun gaza, za mu rubuta a nan da hannunmu cewa yayanmu ya yi gaskiya, kuma mu za mu ɗebo ruwan kwaɓa simintin. Amma siminti idan ya bushe ba a shuka a kansa, shi kuwa fangali ko yaushe aka ga dama ana iya daɓe shi. Don haka jiran shekara ɗaya ba zai cuci kowa ba.

Mun san 'yan shekara goma sha uku ne mu, kuma manya sun fi mu sanin abin da makaranta ke buƙata. Muna dai roƙon a gwada mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka duk mai son shiga, daga aji ɗaya har aji shida, ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙasan wannan rubutu, ya kuma faɗi irin da zai iya kawowa daga gida. Za mu miƙa takardar ga malamin aikin gona ranar Juma'a bayan tara. Yayanmu mai maganar asarar ruwa, mun bar maka layin farko.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. 

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.